Sabon haddis a tsohuwar kwamfuta: abin da ya kamata ka sani kafin ka yi fomatin

In ka leƙa shagunan buga takardu na Samaru da Kongo a Zariya, ko wurin masu ɗaukar hoton biki a Tudun Wada da Sabon Gari, za ka tarar har gobe tsofaffin kwamfutocin tebur ne ke ɗauke da aikin. Wasu Windows 7 ke kansu, wasu ma XP. Lafiyarsu ƙalau, cikinsu ne kawai ya cika da furojet ɗin ɗalibai, da bidiyon ɗaurin aure, da karatun malamai. Sai mai ita ya tara kuɗi ya sayo sabon rumbun ajiya, wato haddis, daga nan kuma tambayoyi su fara. Ga waɗanda aka fi kawo mini a teburin gyara.

Injiniya, na jona sabon haddis, kwamfuta ta tashi, amma ban gan shi a My Computer ba. Lalatacce aka ba ni?

Da wuya. Sabon haddis kamar fili ne da ba a yanka ba, ba a sa masa lamba ba, don haka Windows ba ta da adireshin da za ta nuna maka. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc, ka danna Enter. Shafin Disk Management zai buɗe, a ƙasa za ka ga haddis ɗinka da baƙin layi a samansa, alamar ba a taɓa raba shi ba. Kwamfuta za ta nemi ka yi masa rajistar farko, abin da ta rubuta Initialize. Bayan nan ka danna dama a kan baƙin wurin, ka zaɓi New Simple Volume (a XP, New Partition aka rubuta), ka ba shi harafi kamar D ko E, sai fomatin, wato shimfiɗa masa tsarin jera fayiloli.

In a can ma bai fito ba, to matsalar ta waya ce ko ta wuta. Kashe kwamfutar, ka zare ta daga soket, ka duba wayoyin nan biyu da ke shiga bayansa, sannan ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da an kunna kwamfuta kafin Windows ta tashi, ka ga ko ta gan shi.

Ban saya ba tukuna. Kowane haddis zai shiga kwamfutata?

A'a, kuma wannan ce tambayar da nake so a riƙa yi mini kafin a je kasuwa, ba bayan an dawo ba. Buɗe murfin ka duba wayar da ke jikin tsohon haddis ɗin. In faffaɗa ce kamar ɗamara, mai ramuka 40, to IDE ke nan, tsohon yayi. In siririya ce, yawanci ja, mai bakin da bai fi faɗin yatsa ba, SATA ce, wadda ta fara yaɗuwa daga 2003. Haddis ɗin da ake ƙerawa yanzu SATA ne. Idan madabod ɗinka, wato babban allon da komai ke jone a kansa, ba shi da ramin SATA ko ɗaya, ya fi maka sauƙi ka sa sabon a cikin kesin, wato ɗan akwatin haddis na waje, ka jona ta USB. Idan yana da ramin amma akwatin wuta ba shi da bakin da ya dace, akwai 'yar wayar da ke mayar da tsohon baki mai ƙafa 4 zuwa na SATA. Sabon SATA mai sauri yana aiki a tsohon rami, sai dai ya rage gudu ya bi na ramin.

Sai girman jiki: na kwamfutar tebur inci 3.5 ne, na laftof inci 2.5. Ƙaramin yana iya wadatuwa da wutar USB, babban kuwa sai da cajarsa ta daban in a waje za ka ajiye shi.

Akwai kuma wani shinge a kwamfutocin da aka ƙera kafin wajen 2002. BIOS ɗin da yawa daga cikinsu ba ya ƙirga abin da ya wuce giga 137, haka ma XP ɗin da ba a ɗora wa gyaran Microsoft mai suna Service Pack 1 ba. Mai irin wannan kada ya ɓata kuɗinsa a kan babban haddis.

Kwamfuta ta tambaye ni MBR ko GPT. Wanne zan danna?

A nan ne mafi yawan mutane ke shuka matsalar da ba za su girbe ta ba sai bayan watanni. Su biyun hanyoyi ne na rubuta taswirar haddis, inda kowane yanki ya fara da inda ya ƙare. MBR tun 1983 ake amfani da shi, kuma babu tsohuwar kwamfutar da ba ta jin yarensa. Iyakarsa ita ce ƙirga: lambar da yake amfani da ita tana tsayawa a gutsattsari biliyan 4 da miliyan 294 da 'yan kai, kowane gutsure bayit 512, wanda ya kama tera 2 da ɗoriya kaɗan. Shi ya sa in ka sa haddis mai tera 3 ka zaɓi MBR, za ka ga wajen giga 746 zaune a gefe, babu yadda za ka yi da su. Manyan yankuna 4 kawai kuma yake yarda a yanka.

GPT ya warware duk wannan, har yanki 128 Windows ke bari a yi a kansa. Amma XP ɗin da aka saba da shi, mai bit 32, bai san GPT ba sam. Zai nuna maka haddis ɗin a matsayin wani kullen abu da ba ya buɗuwa. Vista da Windows 7 zuwa sama suna karanta GPT lafiya in don ajiya ne kawai, ko da BIOS ɗin tsoho ne. Tayar da Windows daga kansa ne ke buƙatar UEFI, sabon tsarin da ya maye gurbin BIOS.

Ni dai ga shawarata: in haddis ɗin bai wuce tera 2 ba, kuma akwai yiwuwar wata rana ka ɗauke shi ka jona a wata tsohuwar kwamfutar, zaɓi MBR, hankalinka kwance. Kuma ka yi wannan tunanin tun yana fanko, domin a Disk Management ba a sauya shi daga wannan zuwa wancan sai an share yankunan da ke kansa.

To NTFS, FAT32 da exFAT fa?

Wancan taswirar fili ce, wannan kuma tsarin jera kaya ne a cikin ɗaki. FAT32 ya zo da Windows 95 a 1996, kuma kusan komai na karanta shi: talabijin, rediyon mota, tsohuwar na'urar DVD mai bakin USB. Aibinsa ɗaya ne amma babba: fayil guda ba ya wuce giga 4. Mai ɗaukar bidiyon biki ya san wannan ciwon. Ga wuri fal a haddis, amma kwamfuta ta ce fayil ya yi girma, ta ƙi kwafa. Ban da haka, a XP da Windows 7 ba za ta ba ka zaɓin FAT32 ba in yankin ya wuce giga 32.

NTFS ya fito da Windows NT a 1993, kuma shi ne na gida a XP zuwa sama. Ba ya damuwa da girman fayil, kuma yana da wani hali da ya dace da mu ƙwarai: yana rubuta abin da zai yi a wani ɗan kundi kafin ya yi shi. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, da ta dawo sai ya duba kundin ya daidaita kansa. Ba ya ceto takardar da ba ka adana ba, amma yana rage irin rikicewar da folda gaba ɗaya ke komawa wasu haruffa marasa ma'ana. FAT32 da exFAT ba su da wannan kundin. A garin da wuta ke tafiya ba sallama, wannan kaɗai ya isa hujja.

exFAT ya fito a 2006 don filash da katin waya. Amfaninsa shi ne in kana yawo da haddis tsakanin Windows da kwamfutar Apple, domin Apple tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. XP ba ya gane exFAT sai an ɗora masa wani gyara na musamman. Haddis ɗin da zai zauna a cikin kwamfuta, NTFS za ka ba shi. Wurin da aka rubuta Allocation unit size kuwa, bar shi yadda ka same shi.

Akwai fomatin na sauri, akwai mai daɗewa. Me zai sa in zauna jira?

Na sauri, cikin daƙiƙoƙi yake shimfiɗa sabon tsari, ba ya duba lafiyar faifan. Cikakken yana bin haddis ɗin daga farko har ƙarshe, duk inda ya sami wurin da ya lalace ya yi masa alama don kada a ajiye komai a kai. Daga Vista zuwa sama har sifili yake rubutawa a ko'ina, a XP kuwa dubawa kawai yake yi.

Ina ba da shawarar cikakken a karon farko, musamman in ba ka da tabbacin daga ina haddis ɗin ya fito. Gara ya nuna aibinsa yau yana fanko, da sauran damar mayar wa mai shago, da ya nuna shi ranar da aikin mutum hamsin ke ciki. Amma ka yi lissafin wuta. Tera 1 a cikin kwamfuta yana cin awa 2 zuwa 3. Ta tsohon ramin USB 2.0, wanda a aikace ba ya wuce mega 30 da 'yan kai a daƙiƙa, sai ya kai awa 8 ko fiye. Kada ka fara sai kana da sola, ko janareta da isasshen mai, ko laftof mai batir mai kyau. In wuta ta yanke a tsakiya, ba ka yi asarar komai ba tunda babu kaya a ciki, sai dai ka sake daga farko.

An rubuta tera 1 a kwali, kwamfuta ta nuna 931. An cuce ni?

Ba a cuce ka ba. Kamfani da dubu yake ƙirgawa, Windows kuma da 1024. Mai giga 500 zai nuna 465, mai tera 2 ya nuna 1863. Mudu ne ya bambanta, hatsin ɗaya ne.

Mai shago ya rantse sabo ne. Ta yaya zan tabbatar?

Haddis yana riƙe da tarihin kansa: awa nawa ya yi a kunne, sau nawa aka tayar da shi, wurare nawa suka lalace aka musanya su. Wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo tana karanto wannan. Sabo fil bai kamata ya nuna dubban awanni ba. In ta nuna launin ɗorawa ta ce a yi hattara, mayar da shi. Ba laifi ba ne sayen na hannu, da yawa daga cikinmu shi muke iya saya, kuma wani yakan yi shekaru yana aiki. Abin da ba na so shi ne a karɓi kuɗin sabo a ba mutum tsoho, ya tafi ya zuba masa amanar jama'a bai sani ba. Ka kuma kasa kunne: haddis mai ƙas-ƙas a kai a kai, ko wanda ke tashi yana mutuwa, ba abin ajiya ba ne.

Kwamfutata XP ce. Akwai wani abu na daban?

Akwai. Tun wajen 2011 yawancin haddis suka koma manyan gutsattsari masu bayit 4096. XP yana fara yanka daga gutsure na 63, wanda ba ya faɗawa daidai kan iyakar sababbin, sai rubutu ya riƙa nauyi ba ka san dalili ba. Maganin mai sauƙi ne: kai haddis ɗin wurin mai Windows 7 ko sama, a yanka shi a can da MBR da NTFS, ka dawo ka jona. Kuma tunda Microsoft ta daina kula da tsaron XP a Afrilun 2014, ta daina na Windows 7 a Janairun 2020, kwamfutar da ke riƙe da ajiyarka gara a nesanta ta da intanet da filash ɗin kowa da kowa.

Wane kuskure ne ya fi ba ka tsoro?

Yi wa wanda ba shi ba fomatin. An taɓa kawo mini kwamfutar wani shagon buga takardu, yaron shago ya zo shirya sabon haddis, ya danna kan tsohon da ke ɗauke da furojet ɗin ɗalibai, ana saura kwanaki su miƙa. Ban manta fuskar mai shagon ba. Allah ya taimaka na sauri ya yi, kuma ya kashe kwamfutar nan take, muka samo mafi yawan fayilolin da wata manhajar ceto mai suna PhotoRec, ko da yake sunayensu sun ɓace, sai da aka yi kwana biyu ana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Da cikakken fomatin ya yi a Windows 7, da babu abin da zai dawo.

Don haka kafin ka danna komai, cire duk filash da duk wani haddis na waje. Dubi girman da aka rubuta a gefen kowanne, ka tabbata wanda za ka taɓa shi ne mai baƙin layi, fanko. In kuwa ta riga ta faru, kada ka kwafa ko da hoto ɗaya a kansa, kada ka ɗora manhajar ceto a cikinsa. Kashe, ka cire shi, a jona a wata kwamfutar.

In raba shi gida biyu don in ɗaya ya lalace ɗaya ya tsira?

Rabawa tana taimakawa wajen tsari, aikin kwastoma a D, karatu da hotuna a E. Amma faifai ɗaya ne ke juyawa a ciki, inji ɗaya ke juya shi, in ya mutu da D da E tare za su tafi. Abin da ba za ka iya jure rasa shi ba, ka kwafe shi a wani haddis na daban, ka ajiye a gida ba a shago ba. Wanda ke cikin kwamfutar kuma ka ɗaure shi da kusoshinsa 4, kada ka bar shi yana lilo a jikin waya. Lokacin hunturu ka riƙa buɗe murfin kana hure ƙurar da ta toshe fanka, in bazara ta shigo kuma ka janye kwamfutar daga jikin bango don iska ta samu hanyar fita.