Abinci mai ɗumama kansa

Abinci mai ɗumama kansa dafaffen abinci ne da ake rufewa a gwangwani ko leda ko mazubin roba, tare da ƙunshin sinadarai da ke fitar da zafi da zarar ruwa ya taɓa su. Ba ya buƙatar murhu ko gawayi ko lantarki. Akasari ɗumame ƙunshin yake yi, domin an riga an dafa abincin tun a masana'anta. Sinadaran ba sa haɗuwa da abin da za a ci. Akwai shamaki tsakaninsu, zafi da tururi kaɗai ke ratsawa. Cikin masu amfani da shi akwai sojoji da masu hawan duwatsu da masu kai agaji inda bala'i ya auku.

Tarihi

Ana danganta gwangwanin farko mai ɗumama kansa ga wani injiniya ɗan Rasha, Yevgeny Fedorov, wajen shekarar 1897. A farkon ƙarni na 20 an sayar da irinsa ga matafiya a Turai da Amurka, amma bai yaɗu ba saboda tsada da nauyi.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fito da shi sarari. Kamfanin abinci na Heinz da kamfanin sinadarai na ICI a Birtaniya sun haɗa gwiwa suka ƙera gwangwanin miya mai bututu a tsakiya, cike da wani makamashi da ke ci ba hayaƙi. Soja zai huda murfin, ya kunna lagwanin da wutar sigari, cikin kamar minti huɗu miya ta yi zafi. An raba wa dakarun da suka sauka a gaɓar Normandi ta Faransa a watan Yunin 1944. Wanda ya manta bai huda murfin ba, gwangwanin kan fashe ya watsa masa tafasasshiyar miya. Wannan samfuri dai ƙonewa yake yi, don haka wasu ba sa lissafa shi cikin na zamani, waɗanda babu harshen wuta a aikinsu.

Babban sauyi ya zo ne daga rundunar sojan Amurka. A farkon shekarun 1980 ta fara raba guzurin da ake kira MRE, abinci a leda mai kauri maimakon gwangwani. Sojoji sun yi ta ƙorafin cin sa da sanyi, ga shi kunna wuta a fagen daga tona wa kai asiri ne. Cibiyar binciken rundunar da ke Natick a jihar Massachusetts ta jagoranci samar da ƙunshin ɗumama marar harshen wuta, bisa wani haɗin ƙarafa da sojan ruwa suka fara gwadawa a shekarun 1970. Tun wajen 1993 ake saka shi a cikin guzurin MRE. Sharaɗin da aka gindaya masa shi ne ya ƙara wa abinci mai nauyin giram 227 zafin digiri 56 na ma'aunin Salshiyas cikin minti 12.

A kasuwar farar hula abin bai yi armashi haka ba. An gwada sayar da kofin Nescafé mai ɗumama kansa a Ingila wajen 2001, aka janye shi ba da daɗewa ba, saboda ba ya yin zafi sosai a lokacin hunturu, lokacin da aka fi son sa. A Japan kuwa ya zauna da gindinsa a akwatunan abincin tashoshin jirgin ƙasa, inda matafiyi ke jan zare ruwa ya kwarara kan sinadarin. Daga wajen 2016 kasuwarsa ta bunƙasa a China, da taliya da shinkafa da romo.

Sinadaran da ke ba da zafin

Mafi daɗewa shi ne toyayyar farar ƙasa, wato kalsiyam oksaid. Ana samun ta ne ta hanyar gasa dutsen da ake yin siminti da shi, irin na Kalambaina a Sakkwato da Ashaka a Gombe, a zafin da ya kai kimanin digiri 900. Idan aka zuba mata ruwa sai ta tsotse shi ta koma kalsiyam haidiroksaid: CaO + H₂O → Ca(OH)₂. Kowane giram 56 yana sakin zafi kusan kilojul 65 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne). Ɗaga zafin rubu'in litar ruwa daga digiri 25 zuwa 65 yana cin kilojul 42, ke nan giram 40 sun isa a lissafin takarda. A aikace sai an ƙara, don mazubi da iska suna shan nasu rabon. Toyayyar farar ƙasa tana da arha, ba ta fitar da iska mai kama wuta. Aibinta nauyi, kuma idan danshi ya shige ta a ajiya ta mutu.

Na sojan Amurka garin magnesiyam ne da aka cakuɗa da ɗan baƙin ƙarfe, kusan kashi 5 cikin 100, da gishiri. Magnesiyam shi kaɗai ba ya saurin aiki da ruwan sanyi. Amma idan ruwan gishiri ya haɗa shi da ƙarfen, kowace ƙwayar garin sai ta zama ƙaramin batir da ke cin kansa, magnesiyam ya zagwanye cikin mintuna maimakon kwanaki: Mg + 2H₂O → Mg(OH)₂ + H₂. Giram ɗaya na ba da kusan kilojul 14, fiye da ninki goma na toyayyar farar ƙasa. Shi ya sa giram 7 zuwa 8 da ruwa mililita 30 ke wadatarwa. Ta fuskar nauyi, wanda shi ne babbar damuwar soja mai tafiya a ƙasa, ya yi wa toyayyar farar ƙasa fintinkau.

Ƙunshin da ake yi a China yawanci haɗi ne na toyayyar farar ƙasa da garin alminiyam da sodiyam kabonet, sinadarin da ke cikin kanwa. Ana kuma amfani da busasshen kalsiyam kulorayid, wanda zafinsa bai kai na sauran ba, a ƙananan kofunan kofi.

Haɗari

Ƙunshin magnesiyam ɗaya kan fitar da iskar haidurojin kimanin lita bakwai, kuma iska ce mai saurin kama wuta. Saboda haka ba a ɗumama abincin a rufaffiyar mota ko kusa da wuta, ba a toshe ƙofar da tururi ke fita, ba a kuma zuba ruwan zafi a madadin na sanyi. Kamfanonin jiragen sama suna taƙaita ɗaukarsa, kuma an hana kunna shi a jiragen ƙasa masu gudu na China, inda tururin ke tayar da ƙararrawar gobara. Ana taƙaddama kan sharar da yake bari. Masu ƙera shi na cewa ragowar sinadarin ba guba ba ce, masu kare muhalli na nuni da yawan roba.

A Kano

Ba abincin yau da kullum ba ne a birnin, inda kula ke riƙe zafin tuwo da shinkafa daga gida zuwa kasuwa, kuma mai shayi da mai abinci ba sa nisa. Sai dai sinadaran ba baƙi ba ne. Magina sun san siminti na ɗaukar ɗumi bayan an kwaɓa shi, masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa kuma suna jiƙa fata a ruwan farar ƙasa don cire gashi. Kabaid ɗin masu walda shi ma yana zafi idan ya sha ruwa, amma ba ya cikin sinadaran ɗumama abinci: iskar asitilin yake fitarwa, tare da gurɓatattun sinadarai masu cutarwa, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan nunar da ayaba da mangwaro da shi.