Dokar Teku da injiniyan da ya tashi a Damagaram

Nijar ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku, amma tana cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku. An sa wa yarjejeniyar hannu a Montego Bay ta ƙasar Jamaika a Disamban 1982, ta fara aiki a 1994, Nijar kuma ta tabbatar da shigarta a 2013. Ƙannenmu da suka gama karatun kimiyya da fasaha a jami'ar André Salifou nan Damagaram, ko a makarantar injiniyoyi ta EMIG da ke Yamai, suke hangen aiki a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano, Lome ko Tema, ya kamata su san abin da wannan doka ta ba mu da abin da ba ta ba mu ba, tun kafin su sa hular kwano.

Dokar ta yanka teku kashi-kashi. Mil 12 na farko daga gaɓa, a ma'aunin mil na teku, kusan kilomita 22, mallakin ƙasar da ke bakin ruwan ne kamar yadda doron ƙasarta yake, sai dai jiragen wasu na da damar wucewa lami lafiya. Daga nan har zuwa mil 200 daga gaɓa, wajen kilomita 370, yankin tattalin arzikinta ne na musamman. Aya ta 56 ta ce kifi da man fetur na wurin nata ne, har ta ambaci samar da makamashi daga ruwa, daga igiyoyinsa da kuma iska. Abin burgewa ne, domin sai a 1991 aka kafa gonar injinan iska ta farko cikin teku, a Vindeby ta ƙasar Danmak, da injina 11.

Wanda zai yi aiki a irin wannan gona, aya ta 60 ce abincinsa na kullum. Ƙasar da ke bakin ruwa kaɗai ke ba da izinin kafa gini cikin yankin. Dole a sanar da masu jirage, a ajiye fitilu da alamun gargaɗi na dindindin. Ana iya shata da'irar tsaro kewaye da turken kowane injin iska, amma a ƙa'ida kada ta wuce mita 500. Ba a kafa gini inda zai tare babbar hanyar jiragen duniya. Kuma in aikinsa ya ƙare, a cire shi. Vindeby kanta an kwance ta a 2017. Ke nan tun ranar da ake zana tushen turken a takarda ake tunanin ranar tumɓuke shi.

Gine-ginen tasha kuwa, aya ta 11 ta ɗauki katangar kare igiyar ruwa mai ɗorewa a matsayin ɓangaren gaɓa. Turken iska ko tsibirin da aka ƙera ba su samu wannan matsayi ba, don haka ba sa ƙara wa ƙasa faɗin ruwa.

A nan ne nake ganin ɗan Damagaram ba baƙo ba ne kamar yadda yake zato. A gaɓar Togo da Benin igiyar ruwa tana kwasar yashi daga yamma zuwa gabas. Da aka gina tashoshin Lome da Kwatano a shekarun 1960, katangunsu suka tare yashin ta yamma, gabas ta rasa, ruwa ya yi ta cin gidaje da hanyoyi. Layukan duwatsun da ake jerawa cikin ruwa don riƙe yashin, aikinsu ɗaya da shingayen ƙirare da ake kafawa kan tuddan rairayi a wajen Gure: inda ka tare yashi ya taru, bayan shingen ya rame. Shi ya sa aya ta 206 ta nemi a auna illar babban aiki ga muhallin teku kafin a soma, Yarjejeniyar Abijan ta 1981 kuma ta ɗora wa ƙasashen gaɓar yankin nauyin yaƙi da zaizayar da ayyukan mutum ke jawowa.

To mu namu rabon fa? Yana kashi na 10 na Dokar Teku. Aya ta 125 ta ba ƙasar da ba ta da teku haƙƙin kaiwa gare shi da ratsa ƙasar maƙwabta. Aya ta 127 ta hana a ɗora wa kayan da ke wucewa kuɗin duwan, ban da ladan hidimar da aka yi musu. Aya ta 124 ta lissafa jirgin ƙasa, motoci da jiragen ruwa, har da ƴan dako da dabbobin ɗaukar kaya inda hali ya sa. Raƙumi ma yana cikin doka. Bututun mai kuwa sai ƙasashen biyu sun yarda ya shiga lissafi.

Amma a lura da kyau. Ita wannan aya ta 125 ta ce sharuɗɗan ratsawar sai an zauna an daidaita su tsakanin ƙasashe, ta kuma bar wa maƙwabciya ikon kare muradunta. Mun gani da idonmu bayan rufe iyakar Benin a 2023, lokacin da manyan motoci suka koma bin Togo da Burkina Faso, farashin kaya ya tashi a kasuwar Dole. Mun sake gani a Mayun 2024, da taƙaddama ta tashi tsakanin Nijar da Benin kan lodin ɗanyen man Agadem, bayan ya bi bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme a gaɓar Benin. Iskar tekun ma ba mu da kaso a ciki, domin aya ta 69, wadda ta ba ƙasashe marasa teku rabo a yankin tattalin arzikin maƙwabtansu, ta tsaya ne kan rarar kifi da sauran halittun ruwa.

Saboda haka nake son yaranmu su je su koyi aikin da gaske. Aya ta 129 ta buɗe ƙofar haɗa hannu wajen gina ko gyara tasha da hanyoyin da kayanmu ke bi. Ranar da za a zauna kan irin wannan magana, Nijar na buƙatar mutumin da ya san zurfin da jirgin dakon mai ke nema kafin ya matso gaɓa, da kwanakin da kwantena ke yi a tasha kafin a sallame ta.