Waiwaye: Gem ɗin tseren mota, na da da na yanzu

A gidajen gem na Bauchi, daga Wunti zuwa Yalwa, gardamar ba ta ƙarewa: na da ne ya fi ko na yanzu? Adalci shi ne a auna kowanne da na'urar zamaninsa.

Pole Position da kamfanin Namco ya fitar a 1982 dabarar ido ce zalla. Hanya da allunan talla ake ƙara wa girma a hankali har mutum ya yarda gudu yake yi. Out Run na Sega ya ƙure wannan dabara a 1986.

Inda abin ya juya shi ne 1997, da Gran Turismo ya fito a PlayStation ta farko. Ƙwaƙwalwar aikin na'urar megabait 2 ce kacal, hoto ɗaya na wayar yau ya kan fi ta nauyi, amma aka cusa motoci kusan 140 a faifai guda, kowacce da halinta. Motar da tayoyin gaba ke ja, in ka shiga kwana da gudu, sai ta ƙi juyawa ta miƙe waje. Wadda tayoyin baya ke turawa kuwa, ka taka mata wuta da wuri, bayanta ya zame. Har jarrabawar lasisi sai ka ci kafin a bar ka shiga manyan gasa. An biya farashi: motoci shida ne kawai a fili, kuma ko ka daki gini jikin motar ba ya lotsewa. A ganinmu, babu gem ɗin tsere da ya taɓa matse na'urarsa irin haka.

Nan gida, Need for Speed: Most Wanted na 2005 ne ya yi tashe a PlayStation ta biyu (PS2), da 'yan sanda a baya da abokan hamayya 15. Yana da aibinsa: in ka yi nisa, kwamfuta takan ƙara wa na bayanka gudu don tseren ya yi zafi. Matsalar na'urar kuma ƙurar hunturu ce, tana rufe idon da ke karanta faifai. Masu shago suka koma filas, sai dai ramin USB na PS2 tsoho ne mara sauri, shi ya sa bidiyon farkon gem ke sarƙewa.

Gran Turismo 7 na 2022 ya fi su komai a tuƙi: motoci sama da 400, tayoyi na cinyewa, ruwan sama na canza kamun hanya. Amma ya haura gigabait 100, kuma mafi yawansa sai da intanet. A watan Maris na shekarar, uwar garkensa, wato babbar kwamfutar da gem ɗin ke haɗuwa da ita ta intanet, ta tsaya fiye da kwana guda, 'yan wasa suka zauna jiran gawon shanu. Forza Horizon 5 kuwa ba ya raba allo gida biyu, ga shi a shagon da ke ƙona man janareta, yara biyu kan talabijin ɗaya su ne cinikin.