Mece ce "kwamfozit", kuma me ya sa ƙashi ba ya fashewa kamar tangaran?

Kalmar kwamfozit ta yawaita a bakin injiniyoyi da ɗaliban kimiyya. Ma'anarta abu ne da aka haɗa daga abubuwa biyu ko fiye masu hali daban, kowanne yana nan da halinsa bai narke cikin ɗan'uwansa ba, amma haɗuwarsu ta ba da ƙarfin da babu wanda yake da shi shi kaɗai. Maginin da ke kwaɓa ƙasa da ciyawa kafin ya yi tubali ya san wannan tun kafin a raɗa masa suna.

Ƙashi shi ne misalin da ya fi kusa da mu. Wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa ma'adani ne mai sinadarin kalsiyam, sauran kuma ruwa ne da wani furotin mai kama da zare da ake kira kolajin. A jiƙa ƙashin kaza cikin ruwan khal na 'yan kwanaki, ma'adanin zai narke, ƙashin ya riƙa lanƙwasuwa kamar roba. A ƙona shi kuwa, kolajin ya tafi, sai ya marmashe a hannu. Tauri daga ma'adani yake, juriya daga zaren. Mutane kan ɗauka duk abu mai tauri ƙarfi gare shi, alhali tangaran ma da taurinsa, faɗuwa ɗaya ce ajalinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne sheƙin nan da ke cikin ɓawon halittun teku masu yin lu'ulu'u. Kashi 95 cikin 100 nasa dangin alli ne, amma an jera shi ƙananan faifai kamar bulo, kaurin kowanne bai fi kashi ɗaya cikin ɗari na silin gashi ba, da ɗan furotin a tsakani a madadin kwaɓi. In tsagewa ta taso ba ta samun hanya miƙaƙƙiya, sai ta yi ta kewaye faifai har ƙarfinta ya ƙare. Masu bincike sun auna cewa ya ninka ma'adanin zalla juriyar tsagewa har kusan sau 3,000.

Turkawa da Mongol sun yi amfani da wannan hikima wajen ƙera baka: itace a tsakiya, ƙaho a ɓangaren da ke fuskantar maharbi domin yana jure matsi, jijiya a baya domin tana jure ja, aka manne su da gam na fata ko na kifi. Raunin bakan damshi ne, domin yana sassauta gam ɗin.

Wannan matsalar ta damshi tana cikin abubuwan da ke ci wa injiniyoyin yau tuwo a ƙwarya sa'ad da suke zuba gashin kaji ko garin ɓawon ƙwai cikin roba don yin allunan gini marasa nauyi. Kayan suna nan jibge a mayanka da gidajen kaji, saura a samo yadda za su jure damina.