Waiwaye: Gidan sojan ruwan Faransa da aka so ba 'yan kasuwa haya

A dandalin Concorde na birnin Paris akwai gine-gine biyu kamar tagwaye. Na ɓangaren gabas shi ne Hôtel de la Marine. Kada sunan ya ruɗe ka, ba masaukin baƙi ba ne, ko da yake saura ƙiris a mayar da shi hakan.

Ange-Jacques Gabriel ne ya tsara shi a zamanin Sarki Louis na 15, aka yi aikin daga 1757 zuwa 1774. Da farko ma'ajiyar fada ce: kujeru, dardumai, makamai da lu'ulu'un sarauta duk nan ake ajiye su. Ranar 13 ga Yuli 1789, a farkon juyin juya halin Faransa, talakawa suka kutsa suka kwashi makamai, har da wasu igwa biyu da sarkin Siyam (Thailand ta yau) ya aiko wa Louis na 14 kyauta. Washegari da su aka tunkari kurkukun Bastille. A Satumban 1792 kuma ɓarayi suka yi dare da dama suna hawowa ta baranda suna kwashe lu'ulu'un, masu gadi ba su ankara ba. Ka ji sakaci!

Ma'aikatar sojan ruwa ta tare a ginin tun 1789, kuma a wancan zamani ita ke riƙe da ƙasashen da Faransa ta mallaka a ƙetare. Shi ya sa a nan ne Victor Schoelcher, ɗan siyasa mai yaƙi da bauta, ya shirya dokar 27 ga Afrilu 1848 wadda ta haramta bauta a yankunan mulkin mallakar Faransa. A ganina ɗakin da ya yi wannan aikin ya fi duk gwal ɗin da ke jikin bangon daraja.

Da aka yanke shawarar sojan ruwa za su ƙaura, gwamnati ta so ba 'yan kasuwa hayar wurin na dogon lokaci. Masana tarihi suka yi ca. A 2011 aka kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon shugaba Valéry Giscard d'Estaing, ya ce a bar wa jama'a kayansu.

Sojan suka fita a 2015 zuwa unguwar Balard. Masu gyara suka yi ta kankare fenti a kan fenti har suka iso ga launin ƙarni na 18. An buɗe wa masu ziyara a Yunin 2021, kuma gidauniyar tunawa da bauta tana da ofis a ciki.