Ka tsinci baƙin dutse mai nauyi a gonarka: na wa ne a dokar Gana?

A unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi ba a rasa matashin da zai dawo daga gona ta wajen Konongo da ƙulli a aljihu, ya kwance a majalisa: ga wani dutse baƙi wuluk, ɗan mitsitsi, amma nauyinsa ya fi ƙarfin girmansa. Nan da nan wani zai ce koltan ne, wanda ake sawa a wayar salula, wani ya ce ya san mai saye. Tun kafin a kai ga maganar farashi, doka ta riga ta yanke hukunci a kan dutsen nan.

Sashe na 257, sakin layi na 6, na Kundin Tsarin Mulkin 1992 ya ce duk wani ma'adini da ke inda Allah Ya ajiye shi, a ƙarƙashin ƙasa ne, a samanta ne, ko cikin kogi da rafi, mallakin Jamhuriyar Gana ne, yana hannun Shugaban Ƙasa amana a madadin jama'a. Dokar Ma'adinai ta 2006, mai lamba 703, da wannan magana ta fara. Ke nan ko gadon gonar ka ci, ko sarkin gari ne ya yanka maka ita da takarda, shuka da gini ne naka, abin da ke cikin ƙasa ba naka ba ne. Haƙƙin mai gona shi ne diyya, in aka ba wani lasisi ya shigo ya ɓata masa amfani.

Duba dutsen ka san ko mene ne, wannan hankali ne, domin yawancin abin da ake wa rawar jiki tamar ƙarfe ce kawai. Kara masa maganaɗisu: in ya manne caraf, tama ce, don koltan da ƙyar yake amsawa. Goga shi a bayan fasasshen tayil, inda ba sheƙi, in koltan ne za ka ga ya bar zane baƙi ko mai ja-ja-ja kamar ƙasa. In kuwa rawaya ne mai walƙiya, ɗora shi a kan dutse ka buga da guduma. Zinariya lotsawa take yi ta baje, na bogi kuwa dagargajewa yake. Duk wannan ƙiyasi ne dai. Tabbaci sai ɗakin gwaji, kuma Hukumar Binciken Ƙasa ta Gana, mai hedikwata a Accra, aikinta ke nan. Kada a ajiye baƙin dutse irin wannan a ɗakin kwana ko inda yara ke wasa, domin koltan yakan zo da ɗan sinadarin yuraniyom, kuma dokar ta wajabta wa mai fili ya sanar da hukuma nan take in an gano ma'adini mai tururin nukiliya a filinsa.

Inda ake faɗawa rami shi ne komawa washegari da diga da kwano. Wanda fartanyarsa ta turo dutse bai nemi komai ba, amma a fassarar dokar, neman ma'adini da gangan bincike ne, bincike kuma sai da lasisi daga Ministan Filaye da Albarkatun Ƙasa, bisa shawarar Hukumar Ma'adinai. Lasisin leƙe na wata 12 ne, na bincike har shekara 3, na babban haƙa har shekara 30. Wanda ya shafi talaka shi ne na ƙaramin haƙa: fili kimanin eka 25, wa'adi har shekara 5, ɗan Gana kaɗai ake ba wa, wanda ya cika shekara 18 kuma ya yi rajista a ofishin hukumar na yankinsa.

Hukuncin ne nake so 'yan kasuwarmu na zango su ji da kunnen basira. Gyaran da aka yi wa dokar a 2019, mai lamba 995, ya sa wa ɗan ƙasa mai galamsi, wato haƙar ma'adini ba lasisi, ɗaurin shekara 15 zuwa 25, haɗe da tarar da ta kama daga sidi 120,000 zuwa 180,000. Mai saye ko sayar da ma'adini ba lasisi ma wannan ɗaurin ne ke jiransa, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka daji ba. Alhaji yana zaune a shago, an kawo masa ƙulli ya auna ya biya, ya shiga ciki dumu-dumu. A ganina shekarun nan sun yi wa mai ƙulli ɗaya yawa, amma wanda ya ga yadda ruwan kogunan Offin da Pra ya koma kamar kunu ya san abin da ya tunzura majalisar dokoki. Zinariya kuwa, tun 2025 cinikin ta ƙananan mahaƙa ya koma hannun GoldBod, hukumar zinariya ta gwamnati, da waɗanda ta ba lasisi.

Ga 'yan'uwanmu masu takardun Nijar ko Najeriya, ko da sun shekara talatin a Kumasi, ƙaramin haƙa haramun ne a kansu, ɗaurinsu kuma daga shekara 20 yake farawa zuwa 25, sannan a tasa ƙeyarsu zuwa ƙasarsu. Ɗan Gana da ya ara wa baƙo sunansa ko lasisinsa shi ma kurkuku dokar ta tanadar masa.