Sa ido kan motsin dutse a ramukan ma'adinai na Afirka ta Kudu

Sa ido kan motsin dutse shi ne auna nauyin da ke kan bango da rufin ramin haƙar ma'adinai, da lura da tsagewarsu tun kafin su rufta. Aikin ya yi nisa ƙwarai a Afirka ta Kudu, inda ramukan zinariya suka fi na ko'ina zurfi. Na Mponeng, kusa da garin Carletonville, ya kai kimanin kilomita 4.

Duk kilomita ɗaya da aka nutsa, matsin dutsen da ke sama yana ƙaruwa da kusan megafaskal 27 (ma'aunin matsi). In aka haƙe wani wuri, nauyin da yake ɗauke da shi sai ya koma kan dutsen da ke gefe. Dutsen yankin Witwatersrand kuwa, inda waɗannan ramukan zinariya suke, yana da tauri, ba ya lanƙwasawa. Yakan jure shiru, rana ɗaya ya fashe ya watso duwatsu cikin ramin.

Hatsarin ramin haƙar kwal na Coalbrook ne ya sauya lissafi. A ranar 21 ga Janairu, 1960, ginshiƙan kwal da aka bari su tallafi rufi suka karye, sama da ma'aikata 430 suka rasu. Bayan haka masu bincike biyu, Salamon da Munro, suka fitar da ƙa'idar lissafin ƙarfin ginshiƙi a 1967, ana kuma amfani da ita har yau.

Yanzu manyan ramuka suna binne na'urorin jin girgiza cikin dutse, masu aika wa kwamfuta bayani dare da rana, a gane wurin da ƙasa ta motsa da ƙarfin motsin. Akwai kuma sandunan awo da ake cusawa a rufi, su nuna ko shimfiɗun dutse sun fara rabuwa. Duk da haka, tsohuwar dabara tana nan: a farkon kowane zubin aiki ana ƙwanƙwasa rufi da dogon ƙarfe. In ya yi ƙara garau, lafiya lau. In ya yi amon ganga, a ɓamɓaro shi.

Na'urorin suna nuna inda haɗari ke taruwa, amma ba sa faɗin lokaci. Girgizar ƙasa ta garin Stilfontein ta 9 ga Maris, 2005, mai ƙarfin maki 5.3, ta kashe ma'aikata biyu a yankin da aka daɗe ana sa wa ido. Shi ya sa injiniyoyi suka fi dogara ga tsarin haƙa, da cike guraben da aka haƙe, da fasa dutse bayan an fitar da kowa daga wurin.